Kwana Ukun da Na Cinye wa Hajiyar Fatakwal

Tun ranar da muka dawo daga Kudu ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kitso sai da ta tsayar da tsinke a tsakiyar kaina ta ce, "Wai Maman Abba, da gaske da yara biyu kika je har Fatakwal a mota? Da me kika lallaɓa su?" Kowa dabara take so in ba ta, sai ka ce karatun abin na je na yi. To ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata. Amma wadda ta zo neman dabara ta yi haƙuri, don ni kaina har yau ban gama gane yadda abin ya juye mini ba.

Mijina, Baban Abba, haifaffen Fatakwal ne, aiki ne ya kawo shi Kaduna. Mahaifiyarsa Hajiya tana can unguwar Mile One sama da shekara arba'in, tun marigayi mijinta yana sana'ar fawa. Sunan marigayin aka sa wa ɗanmu na fari, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekararsa huɗu, amma Hajiya ba ta taɓa ɗora ido a kansa ba. Lokacin suna tana kwance da ciwon ƙafa, bayan nan kuma kullum da abin da zai hana: yau hanya ba lafiya, gobe ba a ba da hutu a wajen aiki ba, jibi ina da cikin ƙanwarsa Nana. Ita kuma Hajiya ba ta riƙe wayar da ake ganin fuska, wata 'yar ƙarama gare ta da aka ɗaure da kyauro. Ana gab da hutun makaranta ta kira ɗanta, ina zaune ina ji, ta ce, "Yanar ido ta rufe mini ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ku kawo mini maigidana in gan shi tun ina gani." Maigidan nata shi ne Abba, kun san wasan kaka da jika, ga shi kuma mai sunan mijinta. A ranar aka yanke magana: kwana ɗaya a Inugu wajen yayar Baban Abba, kwana ɗaya a Anaca wajen kawunsa, sannan kwana biyar cur a wajen Hajiya.

Na yi shiri ba na wasa ba. Jaka guda na ware ta rarrashi kawai: biskit, alawa, balan-balan, littafin zane da fensir mai launi. Sannan na cika wayata da katun, don maƙwabciyata ta rantse mini cewa in dai da waya, ko a ƙafa za ki kai yaro Legas ba zai yi kuka ba.

Muna idar da sallar asuba muka hau bas. Kafin mu kai Keffi biskit ya ƙare, fensir duk sun gangara ƙarƙashin kujeru, Nana ta cinye bangon littafin zane. Alawa kuwa maimakon ta kwantar da Abba sai ta tayar da shi, ya yi ta tsalle a cinyata har ya amayar da ita a kan takalmin wani bawan Allah. Na ba da haƙuri da Hausa, na ba da haƙuri da Turanci, mutumin bai amsa ko ɗaya ba. A Lafiya na zuba wa Nana kunu a murfin filas, na juya in ɗauko hankici, ina juyowa na tarar ta tsoma wayata a ciki tana damawa. Katun ya ƙare ke nan. Wayar Baban Abba kuma ba komai a cikinta sai karatu da labarin ƙwallo.

Saura balan-balan. Na hura masa ja, ya yi murna, na ce alhamdu lillahi. Ashe muna daf da shingen sojoji. Direba na rage gudu, motar ta yi tsit kamar yadda ake yi, sai Abba ya sa haƙori. Fas! Wallahi duk motar sai da aka sunkuya. Wata mata a baya tana kiran Yesu, ni ina innalillahi, direba ya taka birki har kaina ya bugi kujerar gaba. Soja ya leƙo ya ga Abba riƙe da tsumman roba a baki, ya ce, "Oga, na you shoot?" Ya yi dariya ya ce mu wuce. Shi kaɗai ya yi dariyar.

A gadar Makurɗi abin ya kai maƙura. Abba ya hango ruwa ya ce sai an tsaya ya yi wanka. Na ce ba a wanka a nan, ya fasa ihu, yana shure-shure, yana dukan kujerar mutumin da ya riga ya ɓata wa takalmi. Mutumin ya juyo ya ce, "Madam, abeg, hold your pikin." Ban nemi tafinta ba, fuskarsa ta fassara mini. Na dubi Baban Abba, yana barci baki buɗe. Na laluba jaka, ba komai sai ledoji. A gida na riga na ƙarar da dodo, don yanzu in na ce dodo na zuwa cewa yake a nuna masa shi. Mai allura ma ya daina aiki tun da aka yi masa ya ji ba ta kai yadda nake faɗa ba.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na sunkuya a kunnensa na ce, "Abba, ka san wajen wa za mu? Wajen Hajiyar Fatakwal. Ita fa ba ta son yaro mai kuka. Tana da wata sanda doguwa."

Ya yi shiru nan take, hawaye na rataye a kumatunsa. "Doguwa kamar me?"

"Kamar Babanka."

Ya dubi Babansa daga kai har ƙafa, ya gyara zama, ya naɗe hannu. Har muka shiga Inugu ban sake jin motsinsa ba. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina a zuci, ina cewa ashe haka abin yake da sauƙi.

Da magariba muka sauka gidan Yaya Larai, yayar Baban Abba. Mijinta dillalin shanu ne, gidansu kusa da kasuwar dabbobi. Nan na fara rikicewa. Yaranta suka fito, masu suna Sadiƙu da Hauwa'u, suka durƙusa har ƙasa suka gaishe ni da Hausa tsantsa, ina wuni, ya hanya, ya mutanen gida, gaisuwar da yaranmu na Kaduna ma ba sa cikawa. Suna miƙewa kuma suka juya wa juna da yaren Ibo, suka haɗa da Turancin buroka, suka dawo Hausa, duk a numfashi ɗaya. Abba ya tsaya yana bin bakinsu da kallo, ya ce, "Umma, su waɗannan 'yan wane gari ne?" Na ce 'yan'uwanka ne. Ya ce, "To me ya sa bakinsu yake canzawa?"

Da safe aka kawo okpa, wani abu kamar alala amma da gurjiya ake yinsa, a ƙunshe cikin ganye, da zafinsa. Ni na ci biyu. Abba ya shinshina ya ture kwanon har ya kife. A gidan yayar miji! Kunya ta kama ni, na jawo shi na ce, "Ka manta da Hajiya? Bayan sandar ma tana da wani ɗaki mai duhu, can take kulle masu zubar da abinci." Baban Abba yana gefe yana shan shayi, maimakon ya kwaɓe ni sai ya ce, "Ai kuwa Hajiya ta iya duka, tambayi bayana." Abba ya tsince okpa daga tabarma ya cinye tas.

Yaya Larai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. "Rabi, wace Hajiyar?"

Na ce, "Hajiyarmu mana, Yaya. Ai abin yana aiki."

Ta dubi ƙanenta, ta dube ni, ta ce, "Uhm. Allah ya kai ku lafiya." Na ce amin da zuciya ɗaya, don ni na ɗauka addu'ar hanya ce.

Ita dai ba ta da jakar rarrashi. Buɗe ƙofa ta yi ta ce yara su fita da Abba su kalli yadda ake sauke shanu daga tirela. Awa uku yana tsaye a bakin katanga bai nemi kowa ba, ya dawo yana kwaikwayon kukan bijimi. Na gani da idona, amma ban ɗauki darasin komai ba, don ina ganin ni ma ina da tawa dabarar.

Anaca kuwa, ku bar ta kawai. Na ɗauka na san kasuwa, na shiga Kantin Kwari ana gobe Sallah na fito da raina. Amma garin nan gaba ɗayansa kasuwa ne. Kawu Tanko, ƙanen Hajiya, yana sayar da wake da albasa kusa da Kasuwar Ochanja, a wani bene yake zaune inda har matashin kai warin albasa yake. Da la'asar ya ce mu zo ya nuna mana rumfarsa. Kafin mu fita ya yi mini huɗuba: "Riƙe yaranki da kyau. Riƙe jakarki da kyau. Kar ki tsaya, kuma kar ki yi sauri. In an kira ki kar ki amsa, amma kar ki ɗaure fuska." Na tsaya ina lissafa hannuwa nawa Allah ya ba ni.

Masu acaɓa, su okada suke ce musu, suna bi ta gefen ƙafarki kamar ba ki da rai. Masu baro suna ihu. Kowa yana jan mayafina yana "Hajiya, come buy," ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Goyon Nana ya sassauta, na saki hannun Abba in gyara majanyi. Wallahi ɗaurin majanyi ɗaya. Na miƙa hannu, ba Abba.

Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba. Ina ta kiran sunansa. Baban Abba ya yi gabas, Kawu ya yi yamma, ni ina juyawa a wuri ɗaya ina kuka. Bai fi minti biyar ba, amma ni na tsufa a cikinsu. Can Kawu ya ɗaga hannu. Wata mata 'yar Ibo mai sayar da busasshen kifi ta zaunar da Abba a kan kujerarta, ta ɓare masa ayaba, yana ci hankali kwance. Ta dube ni ta zazzaga mini faɗa da yarensu, tana nuna hannuna tana nuna yaron. Kawu ya amsa mata da yaren, suka kwashe da dariya. Na ce Kawu me ta ce? Ya ce, "Cewa ta yi yaron kyakkyawa ne." Ban yarda ba, amma na yi mata godiya har da durƙusawa.

Tsoro ne ya juye mini ya zama fushi. Muna komawa bene na riƙe kafaɗun Abba na ce, "Wallahi sai na gaya wa Hajiya. Kuma riƙe ka za ta yi a can. Mu mu koma Kaduna, ni da Babanka da Nana, kai ka zauna da ita, ba inda za ka." Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi.

Washegari daga Anaca har Fatakwal, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, bishiyoyin kwakwar manja dama da hagu, Abba bai ce uffan ba. Fasinjoji har yaba shi suke, wata ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai hankali haka ba. Ni ina ta murmushi. Sau ɗaya ya taɓa ni ya ce a hankali, "Umma, mu koma gida." Na ce gajiya ce, mun kusa.

Muka sauka a tashar Mile 3, muka hau adaidaita zuwa Mile One. Gidan irin na haya ne mai tsakar gida ɗaya, Hausawa da Ibo da wasu ƙabilun da ban san sunansu ba duk a ciki, igiyoyin shanya sun sarƙe. Daga bakin ƙofa na hango ta. 'Yar tsohuwa ce siririya, ta sha sabuwar atamfa, ta yi lalle, tana zaune a benci a ƙarƙashin rumfa. Daga baya maƙwabta suka ce tun hantsi take wurin, ruwa na fantsar mata ta ƙi shiga ɗaki. Ta ji muryar ɗanta ta miƙe. Kuma da me ta miƙe? Da sanda. Ni na ƙirƙiri sandar nan a gadar Makurɗi, ban taɓa sanin tana dogara sanda ba.

Ta rangaɗa guɗa, ta buɗe hannu ɗaya, ta ce, "Ina maigidana? Zo nan, miji ba cefane! Ka zo ke nan, na kama ka. Ba inda za ka koma, su su tafi, ni da kai a gidan nan!"

Maganar da kowace kaka take gaya wa jikanta. Amma kalma da kalma abin da na gaya masa ne a benen Kawu.

Ihun da Abba ya yi sai da ya fito da duk mutanen gidan. Ya ƙanƙame ƙafata, ya cusa kai cikin zanina, har ya saki fitsari. Hajiya ta tsaya da hannunta a buɗe, ta ɗan jima a haka, sannan ta sauke shi a hankali ta ce, "Ƙiwa ce. Ku bar shi, gajiyar hanya ce. Sannunku da zuwa." Ta gaishe mu cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da ta tsaya a kai tun safe. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kwana ɗaya, kwana biyu. In Hajiya ta fito tsakar gida, Abba ya shige ƙarƙashin gado. In ta shiga ɗaki, ya fito ya yi wasa da yaran gidan. Ta aika aka sayo masa bole, gasasshiyar agada ce da kifi da yaji, abincin da garin ke ji da shi. Daga hannunta ya ƙi karɓa, da maƙwabciya ta miƙa masa ya cinye har da suɗe yatsa. Nana kuwa tuni ta haye cinyar Hajiya tana jan carbinta. Mutanen gida kowa da shawararsa: wannan ta ce a yi masa rubutu, waccan ta ce a ɗaure shi a bayan Hajiya da ƙarfi har ya saba. Baban Abba ya koma yawon gaishe da abokan yarinta, in muka haɗa ido ya kau da kai.

Na ja Abba bayan ɗaki na ce, "Abba, Hajiya fa ba ta duka. Ba ta da ɗakin duhu."

Ya ce, "Ke kika ce."

"Wasa nake yi maka."

Ya yi tunani ya ce, "Da ne kike wasa ko yanzu?"

Na rasa yadda zan yi. In na yi shiru, kwanaki suna tafiya. In na faɗa, da wane ido zan dubi surukata in ce ni na mayar da ita dodo? Duk dabarar da nake taƙama da ita daga Makurɗi ta zame mini ƙaya a wuya.

Rana ta uku da la'asar na shiga ɗakin Hajiya in ɗauko buta. Na tarar da ita tsaye a bayan labule, ta ɗan ɗaga gefensa, ta kara idonta mai gani a wurin. Abba yana tsakar gida yana tura murfin tukunya a matsayin sitiyari. Ta ji motsina ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yi a hankali, kar ya ji. In na fita guduwa zai yi, bar ni in kalle shi daga nan." Sannan ta ce, "Ina jin idon nan ne, Rabi. Farin da ya yi ne yake ba shi tsoro, abi? Na sa a sayo mini baƙin tabarau gobe."

Na durƙusa na gaya mata komai: gadar Makurɗi, sanda, ɗakin duhu, kasuwar Anaca, har abin da ɗanta ya ƙara. Ina faɗa ina kuka. Ta saki labulen ta zauna a bakin gado. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Kwana biyar aka ba ni bayan shekara huɗu. Kin cinye mini uku."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Tashi ki nemo mini mijinki."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hajiya ta zauna a bencinta, ta ce ni da Baban Abba mu durƙusa a gabanta. Babban mutum mai gemu, ya durƙusa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Abba yana can bayan randar ruwa, ido ɗaya a waje. Hajiya ba ta dubi wajensa ba, ta ɗaga murya kawai ta ce, "Maigida, an kawo ƙara. Mutum biyun nan sun yi mini ƙarya, sun ce ina dukan yara. Ni tsohuwa ce, ban iya hukunci ba. Kai ne babba a gidan nan. Ga sandar, taka ce." Ta tura sandar a ƙasa, ta gangara har kusa da randa.

Can muka ga ɗan hannu ya fito ya ja ta. Ya miƙe ya auna ta da jikinsa, ya dubi Babansa, ya ce, "Ba ta kai Baba tsawo ba."

"To ka gani," in ji Hajiya. "Ƙarya ta ɗaya ke nan. Me za a yi musu?"

Ya ce, "A kulle su a ɗakin duhu."

Gidan ya ɗauki dariya. Hajiya ta kwance 'yan makullai daga bakin zaninta ta ce, "Ban san ina da shi ba, amma zo mu duba, wataƙila yana nan ban sani ba. Sai dai ka karɓe mini sanda, ga ido ba ya gani. Da me zan yi tafiya? Sai dai ka ja ni." Ta miƙa hannu, ta kau da fuska gefe.

Ya tako ɗaya, ya tsaya. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, don na san kallona ba zai taimaka ba. Da na ɗago, yana riƙe da ɗan yatsanta guda, sanda a ɗaya hannun, yana jan ta.

Ɗaki biyu gare ta da ɗan sito. Suka duba na farko, ba duhu. Na biyu, ba duhu. Sito ne kawai mai kwaɗo, shi ya buɗe da kansa, ta nuna masa makunnin wuta ya danna. Buhun shinkafa ne, da jarkar manja, da wani kwali. A cikin kwalin akwai motar wasa, da kaftani, da takalman yara ƙafa huɗu, kowanne ya fi wani girma. Duk Sallar da muka ce muna tafe sai ta saya. Uku sun riga sun yi masa kaɗan, ko sau ɗaya bai sa su ba. Baban Abba ya ga takalman ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Hukuncin da aka yanke mana a ƙarshe shi ne kar a ba mu bole. Kuma ba a ba mu ba.

Kwana biyun da suka rage ban ga Abba ba sai lokacin wanka. Shi ne ɗan jagora, shi ne mai riƙe makulli. Ta kai shi wajen mahautan Mile One, tsofaffin abokan mijinta, suka yi ta miƙewa, don sunan abokinsu gare shi, suna gaishe shi da "Barka da zuwa, Malam," shi kuma yana amsawa da "Lafiya lau" kamar da gaske. Suna faɗa a kan cefane, tana cewa za ta kai shi ƙara, yana cewa shi ne alƙali. Ba waya, ba alawa, ba balan-balan. Ban ji kukansa ba ko sau ɗaya.

Ranar tafiya ta rako mu har Mile 3, duk da ciwon ƙafa. Kafin mu hau mota ta ja shi inda rana take, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta kawo ta daf da idonta mai gani. Ta juya shi dama, ta juya shi hagu, kamar mai duba atamfa kafin ta saya. Ta daɗe. Sannan ta ce, "To, na gan shi. Alhamdu lillahi." Ta dafa kaina ni ma ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma nan gaba ki nemi wani dodon."

Motar na tashi Abba ya gane ba da ita za a tafi ba. Ya fasa kukan da ya fi na Makurɗi, yana dukan gilashi, yana cewa shi wajen Hajiya zai zauna, mu mu tafi. Nana ta taya shi. Wani a gaba ya juyo ya ce, "Madam, abeg now." Baban Abba ya dube ni, wai ko akwai abin da ya rage a jaka. Ba komai a jaka, kuma bakina ma ba komai a cikinsa.

Na ce ya ba ni wayarsa. Na kira Hajiya, tana ɗauka ban ce komai ba, na kara wayar kusa da bakin Abba. Yana ta shessheƙa yana cewa, "Ni a mayar da ni wajen Hajiya! Wa zai ja ta?" Na bari ta ji sosai, sannan na mayar da wayar kunnena na ce, "Hajiya, kin ji maigidanki."

Na ji tana jan hanci, ga hayaniyar tasha a bayanta. Ta ce, "Na ji. Rabi, kar ki rarrashe shi tukuna. Mayar masa da wayar."